Wata takwas ina addu'a a kan aikin nan, na kasa gaba na kasa baya, ku taimaka min da Littafi Mai Tsarki

Ɗan Sito:

Salama a gare ku 'yan'uwa cikin Ubangiji. Ku yi haƙuri maganar za ta ɗan yi tsawo, abin ne ya cika min ciki.

Ni mai kula da sito ne a hannun wani ɗan kwangila, shekarata huɗu ke nan tare da shi, ba zan faɗi sunan kamfani ko gari ba. Aikina in mota ta kawo siminti ko rodi ko kwano in tsaya a sauke a gabana, in ƙirga, in sa hannu a takarda. Da can lafiya lau muke yi. Amma tun da aka cire tallafin mai a 2023 kaya suka yi tashin gwauron zabi sai oga ya canja, tirela za ta sauke buhu 450 ya ce in rubuta 600, a takarda rodi mai lamba 12 ne amma abin da ke ƙasa mai lamba 10 ne, kuma sa hannuna ne a kai ba nasa ba. Abin da ya fi hana ni barci, aikin da muke kai yanzu ginin ajujuwa ne na yaran firamare. Rannan na ɗauki bulo ɗaya na murza gefensa da yatsa sai ga shi yana zuba kamar garin kwaki. Duk ƙarshen wata bayan albashi yana turo min ɗan wani abu ya ce na sabulu, kuma ba zan ɓoye muku ba na karɓa, har zakka na cire a ciki na kai majami'a, ranar hannuna na rawa na sa a faranti. Shi ma ogan mai zuwa sujada ne fa, kujerar gaba yake zama.

To ga wata makarantar ikkilisiya a ƙauyen su madam suna neman malamin lissafi, sun ce in ina so in zo, amma albashin bai kai rabin wanda nake ɗauka ba. Madam na da ciki wata shida, ga yara biyu, ga haya, ga mama da maganin hawan jini duk wata a wuyana.

Na yi azumin kwana uku har sau biyu. Na sa alama irin ta Gidiyon, na ce Ubangiji in kana so in tafi bari shugaban makarantar ya kira ni kafin Lahadi, bai kira ba sai Litinin, na rasa yadda zan fassara wannan. Na rufe ido na buɗe Littafi na ɗora yatsa, ya faɗa kan jerin sunayen zuriya a Littafin Tarihi. Wani mai addu'a ya ce min in jira lokacin Allah bai yi ba, ya ba ni Ishaya 40:31. Yau wata takwas ina jira kuma duk sati ina sa hannu.

Tambayata, ta yaya mutum zai tabbata wannan ne nufin Allah kafin ya ɗaga ƙafa? Laifi ne neman alama? Kuma in na bar aikin yara suka kwana da yunwa, ba ni ne 1 Timoti 5:8 ta ce na fi marar ba da gaskiya muni ba?

Maman Zumunta:

Ɗana sannu, na karanta har ƙarshe jikina ya yi sanyi. Zan faɗa maka abin da zan faɗa wa ɗan cikina.

Tambaya biyu ka haɗa ka ƙulle wuri guda shi ya sa ƙullin ya ƙi kwancewa. Ta ɗaya, in ci gaba da sa hannu a kan ƙarya? Ta biyu, in tafi koyarwa ko in nemi wani abu? Ta biyun kam ka yi ta addu'a, ka nemi shawara, babu ayar da ta ambaci sunan ƙauyen matarka. Amma ta farkon ba ta bukatar azumi ko na awa ɗaya, an amsa ta tun ba a haifi kakan kakanka ba. Buɗe Karin Magana 11:1, ma'aunin algus abin ƙyama ne ga Ubangiji. Buɗe Maimaitawar Shari'a 25 daga aya 13, kada ka riƙe ma'auni iri biyu a jakarka, babba da ƙarami. Ni hatsi nake aunawa a kasuwa fiye da shekara ashirin, na san mudun da aka bubbuga gindinsa ya shige ciki, a ido daidai yake da na kowa amma duk awo mai saye ya yi asarar tafin hannu guda. Takardarka mudu ce ɗana, biro ne kawai ya maye gurbin kwano.

Kuma ka duba sura 22 aya 8 ta wannan littafin, Allah ya ce wanda ya gina sabon gida ya ja wa rufinsa katanga don kada wani ya faɗo alhakin jini ya hau gidan. Wato tun zamanin Musa Allah na sa ido a kan aikin magina. Duk wanda ya ga iyaye suna tonon ƙasa da hannu ranar da makaranta ta rufta a Jos a watan Yulin 2024, aka rasa rai 22, ya san ginin aji ba abin wasa ba ne.

Kai da bakinka ka ce hannunka ya yi rawa ranar da ka sa zakkar. Wace alama kake nema bayan wannan? Yaƙub 4:17 ta ce wanda ya san abin da ya kamata ya yi bai yi ba, zunubi ne gare shi. Ka sani, shi ya sa ba ka barci.

Malamin Makarantar Lahadi:

Mama ta riga ta faɗi babbar, ni kan maganar alama zan tsaya don na ga ta cinye mutane da yawa, ni ma ta taɓa cinye min shekara guda.

Ɗan'uwa ka koma Littafin Mahukunta sura 6 ka karanta tun daga farko kada ka fara daga wurin ulu, wato gashin tumakin da Gidiyon ya shimfiɗa don neman alama daga Allah. Kafin Gidiyon ya shimfiɗa ulun nan an riga an gaya masa ƙarara a aya 14 cewa ya tafi ya ceci Isra'ila daga Madayanawa, aka ƙara masa a aya 16 cewa Allah na tare da shi, har wuta ta fito daga dutse ta cinye naman da ya kawo a gaban idonsa. Shi da kansa da zai shimfiɗa ulun cewa ya yi in za ka ceci Isra'ila ta hannuna kamar yadda ka faɗa, ka ji, kamar yadda ka faɗa, wato ya san abin da aka ce masa tsoro ne kawai ya riƙe shi. Da zai sake na biyu ma sai da ya roƙi Allah kada ya yi fushi da shi. Allah ya yi masa haƙuri don shi mai haƙuri ne, amma babu inda aka ce mu riƙa yin haka duk lokacin da za mu yanke shawara. Abin da ni ya fi burge ni a labarin Gidiyon yana aya 27 ne, an ce ya rushe bagaden Ba'al na gidan ubansa, yana jin tsoron mutanen gari, sai ya ɗauki barori goma ya je da dare ya rushe. Da tsoron nasa ya tafi, kuma aikin ya yiwu.

Sai maganar da mutane ke yawan yi, wai in ƙofa ta buɗe nufin Allah ne, ko in ka ji kwanciyar rai. A yi hankali da wannan. Yunana da ya gangara Yafa ya tarar da jirgi a shirye zai tafi Tarshish, kuɗin mota na aljihunsa ya biya, ya shiga can ciki ya yi barci mai nauyi har hadiri ya taso bai farka ba. Ƙofa a buɗe, rai a kwance, kuma gudun Allah yake yi. Ubangijinmu kuma a Getsamani zufarsa kamar ɗigon jini, ransa na baƙin ciki har bakin mutuwa, kuma a tsakiyar nufin Uba yake. Bulus ma a 2 Korintiyawa 2:12-13 ya ce an buɗe masa ƙofa a Taruwasa amma da bai sami Titus ba ya yi sallama da su ya wuce Makidoniya, kuma bai ce ya yi zunubi ba.

Ka lura da wani abu, ƙuri'a ta ƙarshe da aka jefa a Littafi ita ce ta zaɓen Matiyas a Ayyukan Manzanni 1:26. Bayan saukowar Ruhu Mai Tsarki ba a sake jin manzanni sun jefa ƙuri'a ba. Da rigima ta tashi kan kaciya a sura 15 zama suka yi, aka yi muhawara mai zafi, Bitrus ya yi magana, Bulus da Barnaba suka ba da labarin abin da suka gani, Yaƙub ya jawo annabi Amos, sannan suka rubuta cewa Ruhu Mai Tsarki da mu mun ga ya kyautu. Hankalinsu da Littafi da shawarar juna, ta nan Ruhu ya bi. Shi ne abin da Romawa 12:2 ke nufi da sabunta hankali don ku iya gwadawa ku gane nufin Allah. Rufe ido a ɗora yatsa kuwa, ka yafe ni, ya fi kusa da bugun ƙasa.

A sura 16 kuma, Bulus da Sila a kan hanya suke aka hana su Asiya, suka nufi Bitiniya aka sake hana su, suka gangara Taruwasa, a can ne wahayin mutumin Makidoniya ya zo. Da sun zauna a Antakiya suna jiran taswira da ba su ga komai ba. Bawan Ibrahim ma a Farawa 24:27 yana kan hanya ne Ubangiji ya bishe shi gidan 'yan'uwan maigidansa. A Kogin Urdun sai da ƙafar firistoci ta taɓa ruwa, a lokacin da kogin ya cika ya batse, sannan ruwan ya tsaya.

Jira kam akwai shi a Littafi ban musa ba. Amma mai jiran Ubangiji a Ishaya 40:31 an ce zai yi gudu bai gaji ba, zai yi tafiya bai suma ba. Akwai kuma ranar da Musa ya tsaya yana kuka ga Allah a bakin Bahar Maliya Allah ya ce masa don me kake min kuka, ce wa Isra'ilawa su yi gaba, Fitowa 14:15. Ina ganin nan kake tsaye.

Tsohon Birkila:

Malam ka yi magana, Mama ma ta yi, amma ku bar ni in sa baki a matsayin wanda ya ci ƙurar siminti shekara talatin. Ina tsoron yaron nan ya karanta ku ya tashi gobe da safe ya ajiye makullin sito ya kama hanyar ƙauye da mace mai ciki, alhali bai ma gwada abin da ke gabansa ba. Karin Magana 19:2 ta ce mai gaggawar ƙafa yakan ɓata hanya.

Da masu karɓar haraji suka zo wurin Yahaya Mai Baftisma a Luka 3 suka ce me za mu yi, bai ce su bar aiki ba, cewa ya yi kada ku karɓi fiye da abin da aka ƙayyade. Sojoji ma ya ce kada ku yi wa kowa ƙwace ko ƙazafi, ku ƙoshi da albashinku. Obadiya a gidan Ahab yake aiki, Ahab mugun sarkin nan fa, kuma don yana ciki ne ya iya ɓoye annabawa ɗari a kogo hamsin hamsin yana kai musu abinci da ruwa. In duk mai tsoron Allah ya gudu daga sito wa zai rage a sito? Gobe oga zai kawo wanda zai rubuta 700 ma bai ji komai ba.

Ka dubi yadda Daniyel ya yi a sura 1. Ya ƙudura a ransa tukuna ba zai ƙazantar da kansa da abincin sarki ba, wannan kam babu ciniki a kai. Amma bai kifar da faranti ba, ya je da ladabi ya roƙa, da shugaban ya ce yana tsoron kansa sai ya koma wurin mai lura da su ya ce a gwada mu kwana goma da ganye da ruwa. To kai ma haka. Kada ka yi a gaban lebura ko direba. Ka same shi shi kaɗai ka ce oga na ci arzikinka shekara huɗu ban manta ba, amma daga yau abin da idona ya ƙirga shi hannuna zai rubuta, na sabulun nan ma a bar shi. Kada ka yi masa wa'azi, kada ka yi barazana. Ka sayi ɗan littafi na kanka kana rubuta kwanan wata da lambar mota da yawan buhu, ka ajiye a gida.

Amma ba zan yi maka ƙarya in ce zai rungume ka ba. Ni an taɓa ce min in haɗa kwaɓin da na san ba zai riƙe rufin kankare ba, na ce ba zan zuba ba, kafin la'asar an sallame ni ko kuɗin satin ba a ba ni ba. Wata bakwai ina zaune, na sayar da babur, yarana biyu suka rasa zango guda a makaranta, matata da tuyar ƙosai ta riƙe gidan. Ba wanda ya zo ya ba ni kwangilar miliyoyi daga baya irin yadda ake ba da shaida a majami'a, aiki dai ya dawo kaɗan kaɗan. Abin da ya riƙe ni maganar Shadrak da Meshak da Abednego ce a Daniyel 3:17-18, Allahnmu na da iko ya cece mu, amma ko bai cece mu ba ba za mu yi sujada ga gunkin ba. Wannan "ko bai" ɗin ka tabbata kana da shi a aljihu kafin ka buɗe baki.

Shi ya sa Yesu ya ce mai son gina hasumiya ya zauna tukuna ya yi lissafin kuɗin, Luka 14:28. Ka zauna da biro, haya nawa, asibitin haihuwa nawa, maganin mama nawa, a ƙauye akwai gonar da za ka iya nomawa ko babu, 'yan'uwanka wa zai iya ɗaukar maganin mama na wata uku.

Malamin Makarantar Lahadi:

Baba na yarda da kai ɗari bisa ɗari kan tsarin Daniyel, kuma na gode da ka gyara min, ban ce ya ajiye aiki gobe ba. Abu ɗaya zan ƙara, lissafin nan ma yana iya zama sabon ulu. Mutum ya yi ta lissafi wata takwas kamar yadda ya yi ta azumi wata takwas. Yesu ya kawo misalin hasumiyar ne yana magana da masu son binsa don su san tsadar kafin su shiga, bai kawo shi don su sami dalilin komawa gida ba. Ɗan Sito ya sa wa lissafin rana. Esta kwana uku ta ce a yi azumi, a rana ta uku ta sa kayan sarauta ta shiga wurin sarki.

Ɗan Sito:

Na gode ƙwarai iyayena, na karanta sau uku. Mama maganar mudu ta shige ni. Gaskiya ban taɓa raba tambayar biyu ba, ina ta tunanin ko in tafi ko in zauna, ban taɓa kawo wa raina cewa zan iya zama in ƙi sa hannu ba.

Akwai abin da ban faɗa ba. Madam ba ta san komai ba, ta ɗauka ƙarin albashi aka yi min har ta ba da shaida a zumuntar mata. Ina tsoron gaya mata a halin da take ciki. Sannan kuɗin da na riga na karɓa fa, ya zan yi da su, na riga na ci, wa zan mayar wa? Kuma ajujuwa biyu an riga an kai su linta da wancan bulon.

Dattijon Ikkilisiya:

Ɗana, da wannan ka fara da an gajarta magana. Ka gaya wa matarka, yau in zai yiwu. Wata takwas kana neman shawarar mai addu'a a waje ka tsallake wadda Littafi ya ce kun zama nama ɗaya da ita, kuma ita ce za ta fi kowa ɗaukar nauyin duk abin da ka zaɓa. Ka samu lokacin da yara suka yi barci, ka faɗa mata a hankali ba tare da ka ƙawata kanka ba. Mace mai ciki ba ƙwai ba ce, kuma ina tabbatar maka ta daɗe da lura ba ka barci, wataƙila ma tana zargin abin da ya fi wannan. Karin Magana 15:22 ta ce shiri kan wargaje in babu shawara. Bayan ita ka sami fastonku ko dattijo ɗaya mai riƙe sirri, wanda ba ya cin abin hannun ogan.

Kan 1 Timoti 5:8 da ke damunka, Bulus ɗin da ya rubuta ta shi ya rubuta Afisawa 4:28, mai sata ya daina sata ya yi aikin kirki da hannunsa har ya sami abin ba mabukaci. Ayoyin biyu ba kishiyoyi ba ne, ciyar da iyali wajibi ne kuma da halal ake yi. Karin Magana 16:8 ta ce gara kaɗan da adalci da riba mai yawa ta rashin gaskiya. Ikkilisiya ma tana da hakki a nan, in mun ce wa mutum ya tsaya kan gaskiya sai mu shirya buhun masara in abin ya juya, Yaƙub 2:15-16 ta hana mu sallamar mai yunwa da fatar baki.

Kuɗin kuwa, Zakka mai karɓar haraji a Luka 19 bai jira an tambaye shi ba, ya tashi tsaye ya ce wanda na zalunta zan mayar masa ninki huɗu. Kai ba ka da ƙarfin Zakka, amma ka zauna ka haɗa jimillar abin da ka karɓa ka rubuta a matsayin bashi. Ba ogan ne mai kuɗin ba, na yaran makarantar ne. Ko kaɗan kaɗan ne, ko benci ne ko buhun siminti, ka riƙa mayarwa can har ka gama, ba tare da an buga ganga ba.

Maganar ajujuwa biyun ita ce mai nauyi, kuma a nan nake ɗan bambanta da Baba birkila. Wanke hannunka kaɗai bai isa ba in ginin na nan yara za su shiga. Karanta Karin Magana 24:11-12, an ce ka ceci waɗanda ake kaiwa ga mutuwa, in kuwa ka ce ai ban sani ba, mai auna zukata yana gani. Tun da ogan ɗan'uwa ne a ikkilisiya Matiyu 18:15 ta ba ka hanya, kai da shi tukuna, in ya ƙi ji ka koma da mutum ɗaya ko biyu. In duk ya toshe kunne to injiniyan da ke duba aikin dole ya ji, a gwada bulon tun ba a ɗora rufi ba.

Ka dubi Nehemiya. Ya ji labarin Urushalima a watan Kisle, bai yi wa sarki Artashate magana ba sai a watan Nisan, wajen wata huɗu yana addu'a. Amma da sarki ya ce me kake so, amsa na bakinsa, ya faɗi tsawon lokacin da zai yi, ya roƙi wasiƙu zuwa ga gwamnoni, ya roƙi wasiƙa zuwa ga Asaf mai tsaron kurmin sarki don katako. A cikin addu'ar nan yake shirinsa. Kuma ya rubuta da kansa cewa ya tsorata ƙwarai, ya yi 'yar addu'a a tsaye a gaban sarki sannan ya buɗe baki. Yaushe mota ta gaba za ta zo?

Ɗan Sito:

Ranar Alhamis Baba.

Ku yi haƙuri na yi shiru kwana biyu. Na gaya wa madam daren Talata, ta yi kuka sosai, ba don kuɗin ba, wai don na bar ta ta tsaya gaban mata tana ba da shaida a kan abin da ba shi ba. Daga baya ta tashi ta ɗauko littafin da take rubuta adashi muka yi lissafin tare har ƙarfe ɗaya. Ta ce in an kore ni za ta koma gidansu ta haihu a can, gonar babanta ta fadama ma ba mai nomawa bana.

Jiya motar ta zo, buhu 480 aka sauke, na ƙirga sau biyu na rubuta 480 na sa hannu. Bakina ya bushe ƙaf lokacin da na kai masa takardar a mota. Na faɗa masa kusan yadda Baba birkila ya ce, na ƙara da maganar bulon ajujuwa biyun. Ya daɗe yana kallon takardar, ya ce wa ya zuga ka, na ce ba kowa oga, barci ne ba na iya yi. Bai ce komai ba ya ninke ta ya sa a aljihu ya ce in same shi ofis ranar Litinin ƙarfe goma.

Na kira shugaban makarantar ƙauyen da kaina, ya ce gurbin na nan har ƙarshen wata. Gobe bayan addu'ar safe zan ga fasto. Ku tuna da mu ranar Litinin, da ita madam musamman, ƙafafunta sun fara kumbura.